Yaran da suka fito a Salaam Bombay 'yan titi ne na gaske? Ina suka shiga bayan fim?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kalli wani tsohon fim ɗin Indiya mai suna Salaam Bombay, labarin yaron da ya tsinci kansa yana kwana a titi cikin 'yan ƙwaya da ɓarayi. Wani abokina ya ce min yaran ba 'yan fim ba ne, daga titi aka kwaso su. Da gaske ne? In haka ne, yaya aka yi suka iya wasa haka, kuma ina suke yanzu? Sannan zan iya kallonsa tare da ƙannena?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, amma rabin zancen ya ba ka. Yawancin yaran daga titi aka samo su, har da shi jarumin, Shafiq Syed, wanda ya fito a Krishna. Manyan kuwa 'yan wasa ne da suka san aikinsu tun kafin a kira su. Nana Patekar, wanda ya fito a Baba, kawali kuma dillalin ƙwaya, ba sai na gabatar maka da shi ba in dai kana kallon Indiya. Raghubir Yadav da ya fito a Chillum, da Anita Kanwar da ta fito a Rekha, duk sun yi karatu a babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasa da ke Delhi. Da gangan aka cakuɗa su. Babba ya riƙe ragamar sin ɗin, ya san inda za a tsaya da inda za a juya, yaro kuma ya kawo abin da babu makarantar da ke koyar da shi: yadda ake zama a bakin kwata, yadda ake karɓar mari ba tare da an yi mamaki ba, yadda ake cin abinci ido na kan hanya.

Fim ɗin ya fito a 1988, kuma shi ne ƙirƙirarren labari na farko da Mira Nair ta ba da umarni. Kafin nan aikinta bin mutane da kyamara ne a rayuwarsu ta yau da kullum, kuma wannan sabon ya biyo ta. Ita da marubuciyar fim ɗin, Sooni Taraporevala, ba a ofis suka zauna suka ƙago yaran titi ba. Sun shiga unguwar Grant Road da kewayenta, sun zauna da yara masu tsintar bola da masu kai shayi, sun leƙa gidajen horon yara, sun leƙa gidajen karuwai, sannan suka rubuta. Ɗaukar ma a waɗannan wuraren aka yi ta, a tituna da tashoshin jirgin ƙasa da lungunan Bombay, birnin da yanzu ake kira Mumbai.

Kan yadda aka yi yaran suka iya wasa, an tara su an yi musu horo na makonni kafin a kunna kyamara. Wanda ya jagoranci horon shi ne Barry John, Baturen Ingila da ya zauna a Indiya yana koyar da wasan kwaikwayo, kuma shi ne malamin Shah Rukh Khan lokacin da yake matashi a Delhi. Shafiq ya ba da labari da bakinsa a hirarraki cewa daga Bangalore ya gudo da abokansa, suna kwana a gefen titi kusa da tashar Churchgate, sai wata mata ta zo ta ce za a ba su rupee 20 a rana in sun zo horon. Abokan suka ɗauka damfara ce suka watse, shi kuma yunwa ta sa ya bi ta.

Na daɗe ina koyar da rubutun fim, kuma duk lokacin da na sa ɗalibai suka kalli wannan, sai sun ce ai wahalar ita ce a cire wa yaran kunyar kyamara. Ba nan take ba. Yaron titi a Bombay ya fi ni da kai kallon fim, don sinima ce wurin da yake samun kujera da inuwa in 'yan kuɗi sun shigo hannunsa. Da ka ce masa yi wasa, sai ya ɗaga gira, ya kumbura murya, ya zama Amitabh. Aikin horon shi ne a sauke masa wannan kayan aron, a nuna masa cewa tsayuwarsa ta kullum ita ake nema. Fim ɗin ma bai ɓoye wannan shaƙuwa tasu da sinima ba, ka tuna wurin da suka shiga kallo, Sridevi na rawa a allo, su kuma suna ihu suna kwaikwayonta. A nan kaɗai za ka ga irin Indiyan da muka taso muna kallo, kuma ta idon yaran da ba su da wurin kwana kake ganinta.

Akwai wani ɗan labari da ke nuna tsananin da aka yi wajen zaɓe. Irrfan Khan, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda aka yi horon da su, kuma da farko ɗaya daga cikin samarin titin aka so ya fito. Sai aka ga ya yi tsawo da yawa, in ya tsaya cikin yaran da yunwa ta tsumburar, ƙaryar za ta fito fili. Aka janye masa rawar, aka bar masa sin guda, na mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin titi. Wannan ne fitowarsa ta farko a fim. Mira Nair ta biya shi bashin daga baya, da ta ba shi babbar rawa a The Namesake a 2006.

Tunda mun zo kan sin ɗin wasiƙa, bari in tsaya a kai, don a ganina shi ne mafi zafi a fim ɗin duka, kuma babu wuƙa babu jini a ciki. Krishna ya tsuguna gaban mai rubutu yana faɗa masa abin da zai rubuta wa mahaifiyarsa: yana lafiya, yana aiki, yana tara kuɗi, zai dawo. Aka zo kan adireshi, yaro bai san komai ba sai sunan ƙauyensu da ɗan kwatance. Mai rubutu ya karɓi kuɗinsa, yaro ya juya baya, shi kuma ya dunƙule takardar ya yar. Bai yi don mugunta ba. Ya san babu ma'aikacin gidan waya da zai kai wannan wasiƙa ko'ina, kuma bai ga dalilin mayar da kuɗin ba. Daga nan mai kallo ya riga ya san abin da yaron bai sani ba, cewa ko ya tara kuɗin, hanyar gida ta ɓace masa.

Kuɗin kuwa su ne ƙashin bayan labarin, kuma in kana sha'awar rubutu, nan za ka zuba ido. Krishna ya cinna wa babur ɗin da ke hannun yayansa wuta saboda cin zalin da yake yi masa. Uwa ta kai shi wurin masu wasan nishaɗi da ke yawo gari-gari da tanti, ta ce kada ya dawo sai ya tara rupee 500 na ɓarnar. Wata rana maigidan ya aike shi sayayya, kafin ya dawo sun naɗe tantinsu sun yi gaba. Da 'yan kuɗin da suka rage masa ya yanki tikitin birni mafi kusa, ya sauka a Bombay. To ka ga shi ba gudowa ya yi don ƙin gida ba, gida ne ya sa masa farashi. Daga nan duk abin da ya faru, da wannan 500 ake auna shi. Ya samu aikin kai shayi wurin wani mai shayi da suke kira Chacha, yana hawa benayen gidajen karuwai da kofunan gilas a ragar ƙarfe, har laƙabin Chaipau ya bi shi ya danne sunansa. Kofi ya fashe, a cire a kuɗinsa. Ya makara, a cire. An kore shi, ya koma figar kaji da wanke kejinsu, ya koma rabon abinci a gidan biki. Yana tarawa ana zarewa, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Marubuciyar ba ta bukaci ta sa wani ya tsaya yana bayanin talauci ba, ta ba ka lamba, kai da kanka kake lissafi tare da yaron, kana jin ciwon kowace rupee da ta fita.

Kuma ka lura da wanda ya kwashe kuɗin a ƙarshe. Ba ɗan sanda ba ne, ba Baba ba ne. Chillum ne, babban amininsa, wanda ya nuna masa gari, wanda ma shi ya nuna masa maɓoyar, wani bulo da ke cirewa a jikin bango. Chillum yana sayar wa Baba ƙwaya, shi ma kuma ta kama shi. Da Baba ya kore shi, jikinsa ya fara karkarwa, yana birgima yana roƙo, Krishna ne ya riƙa ciro kuɗin komawarsa gida yana saya masa abin da zai lafa. Ranar da yaron ya zaro bulo ya tarar da wayam, Chillum ya riga ya sha ta wuce kima ya mutu. Yaran suka ɗauki gawarsa suka raka shi. Babu wanda za a riƙe, babu wanda za a zaga. Raghubir Yadav ya yi wasan da har yau in na gan shi a wani fim, Chillum nake fara tunawa.

Wannan ne ya sa nake ɗan ja da baya in na ji an kira shi fim ɗin ta'addanci ko na 'yan daba kawai. Akwai laifi a ciki, sosai ma. Akwai sayar da ƙwaya, akwai yarinyar da aka sayo aka kulle a ɗaki ana jiran wanda zai biya da tsada, wadda suke kira Sola Saal, akwai wurin da yaran suka kutsa gidan wani tsoho da rana tsaka suka yi masa fashi, akwai kisa a ƙarshe. Amma dubi yadda aka jera su. Fashin bai zo ba sai bayan aiki ya ƙare kuma bukatar kuɗi ta matso. Kisan bai zo ba sai da aka ƙwace wa yaron komai ɗaya bayan ɗaya. Fim ɗin 'yan daba da muka saba yana farawa ne da jarumin da ya iya faɗa, sannan a nemo masa dalili. Nan kuwa an fara da yaro mai kai shayi, ana tafiya da shi a hankali, har ka gan shi da wuƙa a hannu ba ka iya nuna daidai wurin da ya sauya ba. Kuma ba a yi wa fashin ado ba. Babu kiɗa mai tayar da tsikar jiki, tsohon abin tausayi ne, yaran ma a tsorace suke.

Wani abin da fim ɗin ya yi wanda ba kowa ke so ba shi ne yadda ya nuna hukuma. 'Yan sanda sun kama Krishna da ƙaramar yarinya Manju, 'yar Rekha, da dare suna dawowa daga aikin gidan biki. Ba a kan fashin aka kama su ba, wannan babu wanda ya bi sawunsa. An kama su ne a daren da suka yi aikin halal. Aka kai su gidan horon yara. Rekha ta je karɓar 'yarta, aka ce mata ba za a ba ta ba tunda karuwa ce, yarinya ta zama ta gwamnati. Ma'aikaciyar da ta faɗa mata haka ba azzaluma ba ce, doka take bi, kuma mai kallo zai iya cewa ai gidan karuwai ba wurin rainon yarinya ba ne. Sai dai an nuna maka Manju a can ciki ta daina magana. Fim ɗin bai yanke maka hukunci ba, ya bar ka da abin a hannu. Krishna kuwa ya tsere ya koma unguwarsu, ya tarar Baba ya samu wani sabon yaron sayar da ƙwaya, har sunan Chillum ɗin aka ba shi.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi nauyi.

Fim ɗin ya yi suna. Ya ci kyautar fim ɗin farko mafi kyau a bikin Cannes na Faransa a 1988. Ya shiga jerin biyar na ƙarshe a gasar Oscar ta fina-finan ƙasashen waje, kuma shi ne na biyu daga Indiya da ya kai nan, bayan Mother India da iyayenmu suka sha kallo. Shafiq Syed ya karɓi kyautar ƙasa ta yaron da ya fi iya wasa a Indiya. Bayan nan ya bi ofisoshin furodusoshi a Bombay yana neman aiki, ba su da abin da za su yi da shi. Masana'antar na son yaro mai kumatu da zai fito a jarumi yana ƙarami, ko saurayi mai kyau da zai yi rawa, shi kuma ba ya cikin ko ɗaya. Ya sake fitowa a fim guda, Patang na Goutam Ghose, a farkon shekarun 1990, daga nan ya koma Bangalore. Abin da ya riƙe shi da iyalinsa shi ne tuƙin babur mai ƙafa uku, irin A Daidaita Sahu ɗinmu, sai kuma ɗan aikin bayan kyamara a wasannin talabijin na harshen Kannada. Lokacin da Slumdog Millionaire, wani fim kan yaran unguwannin talakawa na Mumbai, ya kwashe kyaututtuka a 2009, 'yan jarida suka tuna da shi, suka je suka same shi a bakin aikinsa suka yi hira da shi, suka tafi.

Mutane kan ba da wannan labari da sigar abin kunya, wai jarumin da duniya ta tafa wa ya ƙare a direba. Ni ban ga abin kunya a tuƙi ba. Yaron da ke kwana a gefen titin Churchgate ya girma, ya yi aure, yana ciyar da 'ya'yansa da guminsa, cikin abokan kwanansa na wancan lokaci ba kowa ya samu haka ba. Abin da ke damuna daban ne. An ɗauki yaro an nuna masa wata rayuwa, an sa shi gaban manya ana tafa masa, an sa masa rai, sannan aka gama aiki kowa ya kama gabansa. Wanda bai taɓa gani ba da wanda ya gani aka janye, ciwonsu ba ɗaya ba ne.

A yi wa Mira Nair adalci, ta yi tunanin bayan fim fiye da yawancin takwarorinta. Da wani kaso na kuɗin da fim ɗin ya kawo aka kafa gidauniyar Salaam Baalak Trust, mahaifiyarta Praveen Nair na cikin waɗanda suka riƙe ta, kuma har yau tana aiki a Delhi da Mumbai. Suna da wuraren kwana da karatu, suna da ma'aikata a tashoshin jirgin ƙasa, don nan ne yaron da ya gudo yake fara sauka, kuma wanda ya riga kaiwa gare shi a kwanakin farko, ko ma'aikacin jinƙai ko dillali, shi ke tafiya da shi. A unguwar Paharganj ta Delhi, samarin da suka taso a hannunsu ne ke zagayawa da baƙi suna nuna musu lungunan da suka taɓa kwana. Cikin waɗanda suka fito daga can akwai Vicky Roy, wanda ya gudo daga Bengal ta Yamma yana ɗan shekara 11, ya yi tsintar robobi a tashar New Delhi, daga baya ya zama mai ɗaukar hoto da aka tura New York ya ɗauki aikin sake gina cibiyar kasuwanci ta duniya da aka rusa a harin 11 ga Satumba. Wato fim ɗin ya fi amfanar yaran da suka zo daga baya a kan jaruminsa.

In kana son ka gane cewa na Shafiq da sauƙi, dubi Barazil. A 1980 Héctor Babenco ya yi fim mai suna Pixote, kan yaron da aka kulle a gidan horo a São Paulo, ya tsere da abokansa, suka shiga ƙwacen jaka, suka shiga safarar hodar iblis, suka ƙare suna fashi da wata karuwa a matsayin tarko. Ya fi Salaam Bombay tsanani nesa ba kusa ba. Yaron da ya fito a jarumi, Fernando Ramos da Silva, ba a titi yake kwana ba, yana tare da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa a unguwar talakawa ta Diadema. Fim ya yi suna a duniya, aka ba shi dama a wasan talabijin, sai ga matsala: karatunsa bai kai ya riƙa karanta rubutun wasa yana haddacewa ba. A fim ɗin Babenco an bi da shi a hankali, a talabijin kuwa babu mai wannan lokacin. Damar ta kuɓuce, ya koma unguwa, ya fara shiga hannun hukuma. A watan Agusta na 1987 'yan sanda suka harbe shi a Diadema yana da shekara 19. Su sun ce musayar wuta aka yi, iyalinsa sun ce ba ya ɗauke da makami. Shekara shida bayan haka, a Yulin 1993, aka buɗe wuta da dare kan yaran da ke kwana a gaban cocin Candelária a Rio de Janeiro, takwas suka mutu, kuma kotu ta samu 'yan sanda da laifi a ciki. Duk wanda ya ce Babenco ya yi zuƙu, wannan ta ishe shi amsa.

Abin da na ɗauka daga labarin Fernando shi ne batun karatun nan. Daraktan da ya ɗauki yaron titi yana ɗaukarsa ne don abu guda, kamanninsa da rawar. Wannan ba sana'a ba ce da za ta ci gaba da ciyar da shi, don rawar guda ce, kuma shekara biyu ta isa ta sauya masa fuska da murya. In ba a sa shi makaranta ba, ko a koya masa aikin hannu, to kyautar da ya karɓa ba ta da inda za ta kai shi. Shi ya sa na Labanon ya bambanta. Zain Al Rafeea, yaron Siriya ɗan gudun hijira da Nadine Labaki ta samo a titunan Beirut ta sa a Capernaum a 2018, bai iya karatu ba lokacin ɗaukar fim. A shekarar da fim ɗin ya fito aka mayar da shi da iyayensa Norway ta hannun hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shiga aji. Ba kyautar da fim ɗin ya ci a Cannes ce ta sauya masa rayuwa ba, takardar zama ce da makaranta.

A nahiyarmu ma an yi irinsa, kuma ina ba ka shawara ka nema. Ali Zaoua na Nabil Ayouch, wanda aka yi a Kasabalanka ta Maroko a 2000, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 2001. Yara huɗu ne suka ɓalle daga gungun wani uban daba, aka jefi ɗayansu da dutse ya mutu tun a farkon fim, sauran ukun suka ɗauri aniyar yi masa jana'iza ta mutunci alhali ko abincin dare ba su da shi. Za ka gan su da tsumma a hanci suna shaƙar sholisho. Shi Ayouch bai shiga titi shi kaɗai ba, ya bi ta hannun ƙungiyar Bayti da ta riga ta san yaran tana aiki da su, don in an naɗe kayan ɗaukar fim akwai wanda zai ci gaba da ganinsu. A ganina wannan ce hanya mafi tsafta, duk da ita ma ba ta ba da tabbacin komai. Ɗaya daga cikin iyayen wannan salo kuwa shi ne Los Olvidados da Luis Buñuel ya yi a birnin Meziko a 1950. 'Yan ƙasar sun fusata suka ce ya zubar musu da mutunci, aka janye shi daga sinima cikin 'yan kwanaki, sai da ya ci kyautar darakta a Cannes a 1951 aka dawo da shi. Ƙorafin "ya tona mana asiri a idon duniya" ya bi kusan kowane fim irin wannan.

Wasu kan tambaye ni, to me zai hana a ɗauki ƙwararrun yara 'yan wasa a huta da wannan nauyi? Ana yi. A Amurka an yi fina-finan matasan da suka gudu daga gida suna kwana a titunan Los Angeles da sanannun samari 'yan wasa, an yaga musu riga an shafa musu datti. Wasu sun yi ƙoƙari. Amma kyamara tana ganin haƙoran da likita ya duba, tana ganin kafaɗar da ta ƙoshi. Dalilin da ya sa aka cire Irrfan Khan ke nan, kuma shi ma ba ɗan masu kuɗi ba ne, tsawo kawai ya yi. Don haka ba na cikin masu cewa kada a taɓa sa yaran titi a fim. Ina cewa ne kuɗin makarantar yaron da wanda zai kula da shi su shiga kasafin fim tun ranar farko, tare da kuɗin kyamara da na man janareto, ba a jira sai an ga ko fim zai yi kasuwa ba.

Batun ƙannenka, ya danganta da shekarunsu. Babu tsiraici a fili, amma rabin fim ɗin a gidan karuwai yake, akwai shan ƙwaya ƙuru-ƙuru, akwai zagi, akwai yarinyar da ake shirya wa namiji na farko, kuma an rufe da bikin gunkin Ganesh inda cunkoso ya raba Krishna da Rekha. Ƙasa da shekara 15 ban ba ka shawara ba. In sun haura haka, kalla da su, amma kai ka fara kallonsa kai kaɗai karo na biyu don ka san wuraren da za su yi tambaya, kuma ka nemi kwafi mai fassara a rubuce a ƙasa, wanda aka bar muryoyin yaran yadda suke. Pixote kuwa kada ka kunna shi a falo, na manya ne zalla.